Sabar Injiniya Zaharadeen

A layin masu gyaran waya na Jekadafari babu wanda ya san makarantar da ta ba Zaharadeen sunan Injiniya. Maƙwabcinsa Kanayo, mai sayar da kayan janareto, ya ce a gabansa aka raɗa sunan, ranar da mai fenti ya zo rubuta allon shago ya tarar akwai sauran fili. Aikin Zaharadeen dai tura wa'azi da waƙoƙi a waya, ɗaukar hoton fasfo, da canza gilashin da ya fashe. Amma in ka zauna a bencinsa za ka ji yadda aka so ɗaukarsa aiki a Dubai, shi ne ya ƙi saboda ƙasar ta cika zafi.

A shekarun nan da ake fama da tashin bama-bamai kasuwa ta yi sanyi. Kowace hanya shingen bincike, ko masallaci za ka shiga sai an shafa jikinka. Cikin dangin matarsa Bushra, wanda abin ya fi taɓawa shi ne baffanta, Alhaji Bamanga na unguwar Madaki, mai kiwon raguna. Da can kafin Babbar Sallah dillalai kan zo daga Abuja da Kudu su kwashe masa garke. A wannan shekara duk wanda ya bugo sai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, iyali sun hana ni zuwa Gombe." Su kuwa raguna ba ruwansu da labarin tsaro, dusa kawai suke ci.

Zaharadeen ya je gaisuwa ya tarar da Alhaji zaune a bakin garke ya zabga tagumi.

"Baffa, ai zamanin da mai saye yake zuwa wurin rago ya wuce," in ji shi. "Yanzu rago ne yake zuwa wurin mai saye."

"Da ƙafarsa?"

"Ta intanet, Baffa. In buɗe maka shafi, in sa hoton kowane rago da bayaninsa. Mutum yana kwance a ɗakinsa a Abuja ya zaɓa, ya bugo maka, ka ɗora masa a mota."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Ka taɓa yin irinsa?"

"Haba Baffa! Ai wannan shan ruwa ne. Saba kawai za mu nema, wato inda shafin zai zauna."

Alhaji bai san mece ce saba ba, amma ya san dusa tana ƙarewa. Ya ce a yi.

Washegari Zaharadeen ya fito da kujera bakin shago, ya buga wa wani kamfani a Abuja, ya buɗe muryar wayar don duk layin su ji. Wata mai suna Safiyyatu ta ɗauka.

"Da Injiniya Zaharadeen kike magana, daga Gombe. Saba nake so."

"To Malam, kashi-kashi ce. Akwai ta haɗaka, kai da wasu ku zauna a kwamfuta ɗaya kamar gidan haya. Tana da sauƙi, kuma ƙaramin shafi ta ishe shi."

"Gidan haya? Da su wa?"

"Da sauran masu ƙananan shafuka."

"Hajiya, wuce gaba. Ragunan Baffa ba sa raba banɗaki da kowa."

Masu sauraro suka yi dariya, shi kuwa ya ƙara gyara zama.

"Sai ta biyun," in ji ta. "A cikin babbar kwamfutarmu za mu keɓe maka ɓangarenka kai kaɗai, da makullinka. Ita ma iri biyu ce. Akwai wadda muke kula maka da ita, mu haɗa komai, mu sa tsaro, mu riƙa ajiye maka kwafin kayanka ko da wani abu ya faru. Akwai kuma wadda za mu miƙa maka ita fanko, komai kai za ka yi. Wannan sai wanda ya saba da aikin. Ni dai shawarata, tunda raguna ne, ka ɗauki wadda muke kula da ita."

"Ku kula da wa?"

"Da sabar, Malam."

"Hajiya, kin ji na ce miki Injiniya kuwa? A Gombe ni nake kula da mutane. Ba ni fankon, kuma babba."

Kanayo ya leƙo daga shagonsa. "Oga Injiniya, yarinyan nan yana ba ka gaskiya fa. Ka ɗauki wanda suna duba maka."

"Kanayo, kai tsaya a kan fulogi."

Safiyyatu ta ce da zarar ya biya za su turo masa, tana cikin faɗin ta inda za su turo ya kashe wayar, don ya hango mai shayi zai wuce bai ji labari ba.

Daga nan ya zarce wurin mai walda, don a yi wa sabar mazauni kafin ta iso. Ya sa aka ƙera masa akwatin ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo, aka huda gefe aka maƙala fanka, aka ja wayoyi ja da baƙi. Ya ajiye shi a ƙuryar shago ya lulluɓe da zanen Bushra. Kullum da safe sai ya tafi tasha ya bi direbobin Abuja ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a ba ka saƙon Injiniya ba? Abu ne mai nauyi, kada a ɗora masa doya."

Har direbobi suka gane shi, daga nesa suke ɗaga masa hannu su ce ba ta iso ba. Da ya gaji ya sake kiran kamfanin, wannan karon a bayan shago, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, wace mota kuka ba?"

"Mota kuma? Malam, tun ranar da ka biya muka tura maka adireshi da kalmar sirri ta imel. Sabar tana nan wurinmu, daga kwamfutarka za ka shiga."

Ya waiga ya tabbatar ba mai jin sa. Can ya ce, "Na sani. Gwada ki nake yi."

Da ya koma gida Bushra ta tare shi. "Ina abar? Zanena nake so."

"Irin ta zamani na saya, ba a ganinta da ido."

"Akwatin fa?"

"Shi wannan na girmamawa ne."

"Injiniya, kuɗin dusar Baffa ne fa. In ka kunyata ni a Madaki, ka san da bakin da za ka yi wa Goggo matarsa bayani."

Ya buɗe kwamfutarsa ya shiga kamar yadda imel ya ce. Yana jiran ya ga hotuna da maɓallai, sai ga baƙin allo ƙirin, da wani ɗan farin ɗigo yana ƙifta masa ido. Ya jira. Ɗigon ma ya jira. Ya rubuta sunansa da muƙaminsa. Allon ya amsa da Turanci cewa bai san wannan umarni ba.

"Me ta ce?" in ji Bushra.

"Gaisuwa ce."

"To ka amsa mana."

Washegari a shago ya sake neman Safiyyatu. Ta ce irin da ya zaɓa ba sa taɓa cikinta, amma in yana so yanzun nan sai ta mayar da shi wadda suke kula da ita. Har ya buɗe baki zai ce to, sai ya ga Kanayo tsaye a ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"A'a Hajiya, ni kira na yi in ji ko kuna da wata matsala a can in taimaka muku."

Haka ya duƙufa kallon bidiyon wasu Indiyawa masu koyar da aikin. Ba ya jin rabin abin da suke faɗa, amma duk abin da suka rubuta sai ya kwafa. Wani ya ci, wani ya ƙi, wani ya sa allon ya yi ta zubo rubutu kamar ruwan famfo har ya ja kujera baya. Cikin ikon Allah, bayan ya rame ya yi wuya, shafi ya tsaya. Ya je Madaki ya ɗauki hoton raguna, ya ba kowanne lamba, ya rubuta bayaninsa a ƙasa. Da ya ga rago na farko ya fito a allo, sai da ya fita titi ya tura wa mai lemo waƙa kyauta a waya.

Nan take ya yanke cewa irin wannan aiki ba a buɗe shi a ɓoye. Za a kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji, a hayo majigi, a gayyaci manya. Ya tsaya a bakin shago, ana tsakiyar cinikin la'asar, ya buga wa Alhaji yana ɗaga murya yadda ya saba.

"Baffa, an gama haɗa ta! Na ɗura mata komai. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, jama'a sun taru, a lokacin zan tayar da ita. Wallahi duk Gombe sai ta ji!"

Mai shayi ya ajiye butarsa a hankali. Wata mata da ta zo canza gilashi ta karɓi wayarta a fashe ta yi gaba. Kafin Zaharadeen ya gama sallama layin ya yi tsit, masu shaguna suna jan ƙofa. Bai ankara ba sai ga Hamman, shugaban 'yan sintirin unguwa, da mutanensa riƙe da gora, Mai Unguwa yana biye da su daga ɗan nesa.

"Kada ka motsa!" in ji Hamman. "Me za ka tayar ranar Juma'a?"

"Saba."

"Tana ina?"

"Ba a ganinta."

Wani ɗan sintiri ya sa bakin gora ya yaye zanen Bushra. Ga akwatin ƙarfe, ga kwaɗo, ga wayoyi ja da baƙi. Kowa ya watse, Mai Unguwa ya tsinci kansa a bayan tulin tayoyin mai faci bai san lokacin da ya isa ba.

"Buɗe!" Hamman ya daka tsawa daga tsallaken kwata.

Zaharadeen ya buɗe. Babu komai sai fanka da gizo-gizo.

"Ina abin cikin? Wa ka ba?"

"Wallahi tana Abuja! Daga nan nake sarrafa ta!"

"Daga nan kake sarrafa ta," in ji Hamman, ya juya ga mutanensa. "Kun ji da kunnenku."

A nan ne Injiniya ya gane abin ba wasa ba ne, don a wancan lokaci in aka tafi da mutum a kan irin wannan magana, dawowarsa sai addu'a. Ya fara rantsuwa yana haɗa raguna da Indiyawa da Safiyyatu, ba wanda ya gane kan zancen. Sai Kanayo ya ratso tsakiya hannu a sama.

"Mai Unguwa, ranka ya daɗe, ka ji ni. Shekara nawa ina nan da mutumin nan. Rediyona na kawo masa, ya dawo mini da shi ba ya magana. Fankana na ba shi, yanzu yana juya baya-baya. Wannan ko ashana ka ba shi ba zai tashi ba."

"Ƙwarai," in ji mai shayi daga bayan tebur. "Wayata tun azumi in an kira ni fitila take kunnawa."

Nan fa shaidu suka yi ta fitowa, kowa da abin da Injiniya ya kashe masa. Zaharadeen yana tsaye yana gyaɗa kai, karo na farko a rayuwarsa bai musa ba. Aka kira Alhaji Bamanga ya tabbatar da batun raguna. Mai Unguwa ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce tunda Injiniya ya tayar wa unguwa da hankali, hukuncinsa shi ne ya ɗauki hoton katin shaida na kwamitin tsaron unguwa kyauta, tun daga kan shi Mai Unguwa har ƙaramin ɗan sintiri. Aka jera su a bango aka ɗauka, har da na'ibin liman, Zaharadeen ya ba kowa lamba. Don ya wanke kansa ya gayyace su duka bikin Juma'a.

Da yamma yana gaya wa Bushra, cewa ya yi jami'an tsaro sun zo duba aikinsa sun yaba.

Ranar Juma'a da hantsi ya buɗe shafin ya ga kamar yana ɗan nauyi. Ya nemo wani bidiyo mai cewa ga yadda ake share tarkace saba ta yi gudu. Ya kwafi umarnin, ya manta da wani ɗan guntu a ƙarshe, ya danna. Allon ya ɗan yi tunani, ya dawo fes. Ya duba shafin. Babu shafi. Babu rago ko ɗaya.

Ya buga Abuja da sauri. "Hajiya Safiyyatu, 'yar'uwa, kwafin nan da kike cewa kuna ajiyewa."

"Wannan na masu ɗaya tsarin ne, Malam."

"Ko ɗan kaɗan ba ku ajiye ba? Bisa kuskure?"

"Sabar taka dai lafiyarta ƙalau. Fanko take, yadda muka ba ka."

Allah ya taimake shi akwai tsohon kwafin rubutun shafin a kwamfutarsa. Ya shiga mayarwa yana zufa, ana kiran sallah yana dannawa. Saura hotuna. Ya ga jaka biyu, kowace ya sa mata suna "sabbin hotuna", kowace hotunanta da lamba daga ɗaya. Ya cafki ɗaya ya tura. Tana gama tafiya aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Ya ce ai shi ke nan, ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi masallaci.

Bayan an sauko, ƙofar gidan Alhaji ta cika. Mai Unguwa da Hamman a kujerun gaba, dillalan tike, wato kasuwar dabbobi, a baya, har da wani abokin Alhaji daga GRA da ya zo da direba. Mata suna leƙe ta zaure, Bushra a cikinsu. Kanayo ya kawo janareto ya tayar. An rataya farin zanen gado a cikin rumfa, an toshe gefe da tabarmi don hoto ya fito.

Zaharadeen ya karɓi lasifika. Ya yi bayanin sabar haɗaka da ta masu son a riƙe musu hannu, ya ce shi tasa ba mai taɓa ta sai shi. Ya ƙara da cewa tun da safe ya aika adireshin shafin ga duk dillalan Alhaji na Abuja da Kudu, yanzu haka suna kallo. Sannan ya juya wa allon baya, ya fuskanci jama'a, don ya haddace bayanin.

"Lamba ɗaya!" Ya danna. "Ƙarami ne, amma akwai cin abinci. Ya dace da mai ƙaramin ƙarfi."

Ba wanda ya yi tari. A jikin zanen gado ga Mai Unguwa, da rawaninsa, ya ƙura wa kyamara ido.

Zaharadeen ya ɗauka shirun na mamaki ne. "Lamba biyu! Babba, uban garke. Yana da faɗa, sai an ɗaure shi da igiya biyu."

Hamman ne, ya haɗe gira.

Wani dillali a baya ya fara wata irin shaƙuwa ya cusa hula a baki.

"Lamba uku! Ya ɗan tsufa, haƙori ɗaya ya fita, amma akwai kitse."

Na'ibin liman ya miƙe tsaye. "Innalillahi!"

A nan rumfar ta fashe. Dillalai suka zube a kan tabarma, mata a zaure suna riƙe juna, mutumin GRA yana dukan cinyar direbansa. Kanayo ya tsuguna a gefen janareto yana share hawaye. Zaharadeen ya waiga, ya ga na'ibi a allo ya ga na'ibi a gabansa, ya shiga danne-danne don ya rufe, maimakon haka sauran 'yan kwamiti suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, wannan mai dogon wuya, wancan an yi masa allura, wani kuma an rubuta a yi sauri kafin a rigaye ka.

"Injiniya," in ji Alhaji Bamanga a hankali, "ina raguna na?"

"Baffa, wannan gwaji ne. Haka ake yi a Dubai."

"Kashe!"

"Ai ko na kashe nan, Baffa, can tana kunne."

Wayar Alhaji ta ɗau ƙara. Wani dillali ne daga Abuja, dariya ta hana shi sallama. Ya ce lamba biyu yake so in za a haɗa masa da igiyoyin. Hamman ya ɗaga gora, Zaharadeen ya tsallake kujera ya faɗa garke ya ja ƙyaure, raguna suka kewaye shi suna shinshinar aljihunsa.

Har magariba wayar Alhaji ba ta huta ba, don dillalai sun yi ta tura wa juna shafin. Yawanci dariya suka kira yi, amma in an gama sai wani ya ce, "To Alhaji, na gaskiyan fa, akwai manya?" Kafin dare an yi cinikin da ba a yi ba tun shigowar wata. Alhaji bai ce an yafe ba. Ya dai miƙa wa Bushra waya ya ce ta kira yarinyar nan ta Abuja, a mayar da shafin inda ake kula da mutum.

Washegari da safe aka aiko Mai Unguwa yana neman Zaharadeen. Ya tafi yana salati, ya tsuguna tun daga bakin zaure. Mai Unguwa ya sallami mutanen da ke wurin, ya jira har suka fita, sannan ya matso da kujerarsa.

"An ce yau za a sauke hotunan nan."

"Yau ɗin nan, ranka ya daɗe. Wallahi kuskure ne, jaka biyu ce..."

"Ban tambaye ka jaka ba. Su na Abujan, har yanzu suna gani?"

"Har zuwa azahar dai, ranka ya daɗe."

Mai Unguwa ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"To kafin azahar ka je ka gyara. A unguwar nan, ta yaya Hamman zai zama uban garke, ni kuma a ce na dace da mai ƙaramin ƙarfi?"